GUDUN SANNU KWANA NESA

Na san wata tana ganin kan wannan magana za ta taɓe baki ta ce, "Oh ni 'yasu! Yau kuma gudu aka koma? Mu da ke fama da tukunya da goyo, ina ruwanmu da 'yan tsere?" To 'yar uwa, yi haƙuri ki ara mini kunnenki na ɗan lokaci. A baki maganar 'yan gudu ce, amma a ciki maganar zuciya ce, kuma dai babu wadda Allah bai sanya wa ita a ƙirji ba.

Ga maganar a dunƙule. Mutanen da suka fi kowa iya gudun dogon zango a duniyar nan, waɗanda ake nunawa a talabijin suna sheƙa gudu kamar barewa, mafi yawan atisayensu a hankali suke yin sa. A hankali ƙwarai, yadda mutum zai iya gudu yana hira da abokin tafiyarsa ba tare da haki ya sarƙe shi ba. Wasunsu suna lura da bugun zuciyarsu, da zarar ya haura wani adadi sai su sassauta, ko da kuwa ƙarfi bai ƙare musu ba. Wannan sassautawa ita ce sirrin saurin da kike gani ranar gasa. Hausawa sun riga sun faɗa tun ba a haifi masu agogon awo ba: tafiya sannu sannu kwana nesa.

Bari mu fara da ita kanta zuciyar. Tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannunki ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 tsakanin yini da dare, ba hutun Juma'a ba na salla. Babban mutum mai lafiya idan yana zaune, takan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, tana zagaya da jini kimanin lita 5 a cikin wannan mintin. To amma ƙwararrun 'yan gudun dogon zango, tasu takan sauka zuwa 50, wasu ma 40, alhali lafiyarsu ƙalau. Me ya kawo haka? Ki dubi mata biyu a bakin rijiya, ɗaya da babbar guga ɗaya da ƙarama. Mai babbar guga ja goma ta cika tulunta ta yi gaba, mai ƙarama kuwa sai ta yi ja ashirin tana nishi. Zuciyar da ta horu babbar guga ce, kowane bugu ɗaya yana tura jini mai yawa, saboda haka ba ta bukatar gaggawa.

Sai kuma makamashi. Jikin ɗan Adam iri biyu yake ƙonawa, sukari da kitse, kuma duk macen da ta taɓa hura murhu ta san bambancinsu. Sukari wutar kara ce, nan da nan ta tashi bal-bal-bal, nan da nan ta zama toka. Abin da jiki ke ajiyewa na sukari ba ya wuce gudun awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan an matsa. Kitse kuwa itacen ƙirya ne, yana da nawar kamawa, yana son iska sosai, amma idan ya kama sai ki dafa ganda a kansa ya bar miki garwashi. Idan mutum ya fita a guje yana haki, karan yake ƙonawa. Idan ya tafi a hankali numfashinsa na isarsa, jiki yana koyon cin ƙiryar. Da tafiya ta yi tafiya, sai ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, su ma 'yan ƙananan murahun nan da ke cikin ƙwayoyin tsoka, waɗanda likitoci ke kira maitokondiriya, su ƙaru. Wannan gini ba na kwana bakwai ba ne, na watanni ne, wani lokaci na shekaru.

Akwai wani abu kuma da mai gaggawa ba ya sani. Zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa da wahala. Sai mutum ya ji numfashinsa ya buɗe ya ɗauka ya ƙware, ya ƙara wuta, ashe gwiwa da agara da ƙashin ƙwauri ba su shirya ba. Daga nan sai ciwo, sai zaman gida, sai a koma gidan jiya.

Ba tatsuniya nake miki ba. A ƙasar New Zealand an yi wani mai horarwa, Arthur Lydiard, wanda ya riƙa sa yaransa gudun kusan kilomita 160 a mako, mafi yawansa ba da matsi ba. Mutane suka yi ta mamaki, domin ɗaya daga cikin yaran, Peter Snell, tserensa na mita 800 ne kacal, zagaye biyu na fili, me zai yi da wannan uban nisa? A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 Snell ya ɗauki zinare, a Tokyo a 1964 ya ƙara biyu, na mita 800 da na 1500. Sai bakin kowa ya mutu.

A Amurka kuma akwai Mark Allen, ɗan wata gasa mai tsanani da ake yi a tsibirin Hawayi, inda mutum zai yi iyo kusan kilomita 4, ya tuƙa keke kilomita 180, sannan ya ɗora da gudun kilomita 42, duk a yini ɗaya. Allen ya saba da atisayen a-mutu-ko-a-yi-rai, har wani mai horarwa, Phil Maffetone, ya ɗaura masa na'urar awon zuciya ya ce kada ya bari bugun ya wuce 155. Dole ya rage gudu ƙwarai, idan ya zo hawa ma sai ya taka da ƙafa. Bayan watanni sai ga shi yana sauri irin na da, zuciyar kuma tana nan a 155 ɗinta. Ya ci wannan gasa sau shida tsakanin 1989 da 1995. Daga baya wani masani mai suna Stephen Seiler, wanda ke aiki a ƙasar Norwe, ya bi diddigin atisayen manyan 'yan wasan juriya, ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 na fitarsu mai sauƙi ce, kashi 20 ne kawai mai zafi.

Nan Afirka ma haka zancen yake. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, ko da yake ba a lissafa shi cikin bajintar gasa ba saboda shiri na musamman aka yi masa, an san shi da fara gudun hutunsa a sansaninsu na Kaptagat kamar mai jan ƙafa. Ki auna wannan nisa, ya kusa kai mutum daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, tafiyar da muke biyan kuɗin mota mu zauna har mu yi gyangyaɗi. Kada kuma ki ce abin na maza ne. Derartu Tulu ta Habasha ta ci zinaren mita 10,000 a Basalona a 1992. Fatuma Roba, ita ma 'yar Habasha, ta ci na kilomita 42 a Atlanta a 1996. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai yi wa Holan gudu, ta ci nata a Faris a 2024, ta kuma hau karɓar lambarta sanye da hijabi duniya na kallo.

Ni dai ba a takarda na fara ganin wannan abu ba, a gidanmu na gan shi. Ina da ƙane, autanmu, wanda ya ƙwallafa rai a kan aikin ɗamara. An gaya masa akwai gudu a wurin tantancewa, shi ke nan yaro ya ɗaura aniya. Kullum da an sallame asuba sai ya ɗaure takalmi ya kama hanyar Ambursa a guje kamar wanda kura ta biyo. Ya dawo idanu jajur, ya zube a tabarmar Inna yana haki, ko koko ba ya iya sha sai ya huta. Inna ta ce, "Auta, wannan gudu ne ko neman ajali?" Ya ce, "Inna, sai an sha wuya akan sha daɗi." Wata guda ana haka, sai barci ya ƙaurace masa, mura ta ƙi sakinsa, ƙwaurinsa ya kama ciwo har yana ɗingishi. Ranar tantancewa ya fita da wuta a sahun gaba, kafin a yi rabi karansa ya cinye, waɗanda ya bari a baya suka zo suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo gida ya shige ɗaki, kwana biyu ba ya magana da kowa.

A unguwarmu akwai wani dattijo, tsohon malamin wasanni na makaranta, mutumin Argungu. Shi ya aika aka kira masa yaron, ni na raka shi don kunya ta hana shi zuwa shi kaɗai. Muka gaishe shi, na ce, "Baba, ga ɗan naka, ya ƙi ci ya ƙi sha." Tsoho ya dube shi ya yi murmushi ya ce, "Ina ganin ka kullum da sahe. Kai ɗan nan, wa ka korar ka? Wanga gudu naka ba shi kai ka ko'ina. Gobe ka taho mu tai tare." Washegari tsoho ya hau tsohon kekensa, yaro na gudu a gefensa, sharaɗi ɗaya ne: sai dai ya riƙa ba shi labari har su dawo. Da zarar magana ta fara yankewa sai tsoho ya ce, "Rage wuta." Idan ta ƙi daidaita ya ce, "Taka da ƙahwa."

Auta ya dawo ran nan yana huci, ba na gajiya ba, na takaici. Ya ce, "Yaya, wallahi tsohon nan wasa yake da ni. 'Yan kabu-kabu na yi mini dariya, har wata mai tallan fura ta kusa wuce ni." Na ce masa tunda ya gwada tasa dabarar ta kai shi inda ta kai shi, ya daure ya gwada ta manya. Ya daure. Kwana biyar a mako gudun hira, kwana ɗaya tsoho ya sake shi ya yi mai zafi na 'yan mintoci, ranar Juma'a hutu. Ya koya masa ya riƙa ƙirga bugun zuciyarsa da farkawa kafin ya sauko daga gado, yana rubutawa a bayan kalanda. Ni da idona na ga lambobin nan suna sauka, daga saba'in da wani abu har suka dawo hamsin da wani abu cikin wata biyar. Ɗingishi ya tafi, barci ya dawo, tuwon Inna ya daina kwana. Da aka sake tantancewa ya gama gudunsa cikin na gaba-gaba, ya tsaya da ƙafafunsa yana amsa gaisuwa. Aikin kam bai samu ba a wannan karon, wannan kuma rabo ne, amma gudun ya zame masa jiki, yanzu shi ke jan ƙannen unguwa da asuba yana ce musu su rage wuta.

Wata rana na tambayi tsohon inda ya samo wannan ilimi. Ya ce littafi ya ƙara masa, amma a bakin Matan Fada ya fara gani. Duk wadda ta taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, ta san yadda ake yi. Ana ba da alama dubban masunta su ruga cikin ruwa da homa da gora, ƙura ta tashi, ihu ya kaure. Wannan rugawar ita 'yan kallo ke tafawa. Amma tsoho ya ce in lura da masu nutso a wasannin Kabanci. Wanda zai daɗe a ƙarƙashin ruwa ba ya shiga da hargagi, yakan natsu tukuna, ya daidaita numfashi. Likitoci ma sun tabbatar idan mutum ya riƙe numfashi fuskarsa ta shiga ruwa, zuciya da kanta take rage bugu don ta tattala iskar da ke jiki. Haka mai tuƙa kwalekwale zuwa nesa, ba ya kwaɗa filafili da hauka, bugu ɗaya yake bi har ya isa. Abin da ake gani a awa ɗaya ta gasa, shekara guda aka yi ana tara shi a cikin ruwa ba mai tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To yanzu mu dawo kanmu, mu matan gida. Iyayenmu sun yi daka, sun yi surfe, sun ɗebo ruwa daga nesa, sun taka zuwa fadama sun dawo. Mu kuwa a birni inji ya karɓi turmi, famfo da 'yan garuwa sun karɓi rijiya, ko barka za mu shiga a bayan layi sai an tsayar da Keke Napep. Sauƙi ne, mun gode Allah, amma zuciya ta rasa aikinta. Shi ya sa yau idan aka zauna a gidan suna, hirar hawan jini da ciwon suga ta fi hirar atamfa yawa, kuma ba tsofaffi kaɗai ba, har da masu haihuwa uku da huɗu. Mun binne wasu, wasu na kwance ɓarin jiki ya mutu, 'ya'yansu ƙanana na juya su. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da na sha gani shi ne, ranar da likita ya tsorata mace ya ce ta motsa jiki, sai ta dawo gida da zafinta. Ta sayi igiyar tsalle, ta ƙulle ɗaki, ta yi ta dirka har ta ga duhu-duhu. Kwana uku cinya ta ƙi lanƙwasuwa, ko ruku'u sai da dabara, sai a rataye igiya a ƙusa, daga baya a yi shanya da ita. Ta ce ita motsa jiki bai karɓe ta ba. Ya karɓe ki mana, 'yar uwa, wutar kara kika hura. Zafin nema ba ya kawo samu.

Ga yadda za ki yi. Shi Maffetone ɗin nan ya ba da wani lissafi mai sauƙi: ki cire shekarunki daga 180. Mai shekara 35, nata 145 ke nan. Idan yanzu za ki fara, ko kin daɗe ba ki motsa ba, ki ƙara cire 5, ya zama 140. Idan kina tasowa daga babbar jinya ko kina kan magani kullum, 10 za ki cire. Wannan adadi shi ne rufin ɗakinki, kada bugun ya haura shi. Ba sai kin sayi agogo mai tsada ba. Ki ɗan tsaya, nan take ki ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannunki ta gefen babban yatsa, ki ƙirga na daƙiƙa 15 a agogon waya, ki ninka sau 4. Idan kin samu 35, to 140 ke nan. Lissafin nan ƙiyasi ne ba wahayi ba, masana ma ba duka suka yarda ya dace da kowa ba, don haka ki haɗa shi da awon tsohon Argungu: idan kina iya magana jimla guda cikakkiya ba yankewa, kina kan hanya. Idan magana ta fara fita gutsi-gutsi, rage wuta.

Da yawanmu tafiya mai ɗan sauri kaɗai ta isa ta kai mu wannan adadi, ba sai an yi gudu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau biyar. Ki fara da minti 10 idan shi kike iyawa, kowane mako ki ɗan ƙara. Wadda ba ta fita, tsakar gida ma fili ne, daga ƙofar zaure zuwa madafa a je a dawo, rediyo na yi miki hira. Wadda maigida ya amince, ku haɗu ku uku ko huɗu da hijabanku bayan asuba ku zaga unguwa. Ku kuma iyayen gida maza da ke leƙa littafin matanku a ɓoye, na san kuna nan, ku tuna ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Kuɗin takalmi bai kai kuɗin gadon asibiti ba.

Sai dai a kiyaye. Zafin ƙasarmu ba abin wasa ba ne, a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma zafi da ƙishirwa suna ɗaga bugun zuciya ko da tafiyar ba ta canza ba. Saboda haka a bazara sai da sanyin safiya, a sha ruwa, a kuma yarda a ƙara sassautawa. Zazzaɓi da ƙarancin jini su ma suna sa zuciya gudu, wadda ta ga bugunta na safe ya ɗaga sama da yadda ta saba, ta huta ran nan. Mai ciki, da mai jego, da mai ciwon zuciya, da mai shan maganin hawan jini, musamman irin wanda ke rage bugun zuciya, su nemi shawarar likita kafin su fara, domin lissafin nan ba zai yi musu daidai ba. Wadda ta ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na neman ɗaukewa, ta tsaya nan take ta nemi asibiti, ba a jarumta da wannan.

Kin san abin da ya fi wuya a cikin duk wannan? Ba gajiya ba ce, kunya ce. Abin da ya kusa korar Auta ke nan, dariyar 'yan kabu-kabu. Mu mata kuwa mun fi kowa sanin wannan ciwo, domin da idon mutane muke auna komai namu. Wance ta rame cikin wata ɗaya, ni ma sai na rame. Wance ta yi kaza, ni ma kada a bar ni a baya. Sai mu ɗauki gudun da ba namu ba, da zuciyar da ba ta shirya ba. Alhali ita zuciya ba ta san wance ba, adadinta kawai ta sani. Wadda ta yi dariya don ta gan ki kina zaga tsakar gida kamar mai neman allura, ba ita za ta kwanta miki a asibiti ba. Ki bar ta ta dara, ke dai ki ƙirga bugunki ki rubuta a bayan kalanda, bayan wata uku ki duba ki gani. Ranar da kika hau matakalar bene ko kika ɗauko buhun gero rabi ba ki tsaya kina dafe ƙirji ba, ranar za ki san guga ta fara girma.

Malamanmu na Islamiyya sun sha gaya mana cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Jikin nan amana ne, za a tambaye mu yadda muka riƙe shi, kuma akwai ƙananan bakuna da ke jiran mu kai su ga girma. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Gobe da asuba idan kin shafa addu'a, kafin ki hura wuta, ki ba zuciyarki minti gomanta.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin summa amin.